Gurbi Ɗaya, Mu Biyu

Ban taɓa riƙe sandar besbol ba, ban kuma taɓa taka ƙasar Amurka ba. Wani Bajapane da muka zauna gida ɗaya a Fallowfield lokacin ina karatu, shi ya ɗora ni a kan wasan. Ya daɗe yana zana mini fili da cokula da kwalbar gishiri a teburin kicin, da na fara ganewa kuma sai ya haɗa kayansa ya koma garinsu, ya bar ni da jarabar. A Manchester wannan ba ƙaramin kaɗaici ba ne. Gari ne da ko mai aski sai ya tambaye ka a ƙwallon ƙafa ja kake ko shuɗi, in ka ce besbol kake bi sai ya ci gaba da askin bai ƙara ce maka uffan ba.

Ana buga wasan ne ina barci, don haka ni magoyin baya ne na safiya, a bas nake karanta labari a waya. Labarin da ya fi daɗi shi ne na gab da buɗe kakar wasa, wajen Fabrairu da Maris, lokacin da kulob-kulob ke kwasar 'yan wasansu zuwa inda ake rana su yi atisaye. A wannan lokacin babu rago. Kowa ya rage tumbi, kowa ya gyara riƙon sanda, wanda aka farke wa gwiwar hannu bara ma cewa yake bai taɓa jin ƙarfi irin na bana ba. Na san rabi ƙarya ce, amma haka nake haɗiye ta kowace shekara. Abin da ba a cika ɗaga murya a kai ba shi ne an gayyato mutane fiye da guraben da ake da su, kuma kafin ranar buɗewa dole a sallami wasu.

A shekarar da nake magana, kulob ɗina yana da gurbi ɗaya na mai cafke na ko-ta-kwana. Mai cafke shi ne wanda ke tsugunne bayan mai bugu, fuska a rufe kamar mai walda, yana cafe duk abin da aka jefo. Mutum biyu ke neman gurbin. Akwai wani tsoho da ya doshi arba'in, ya zaga kulob-kulob har gwiwoyinsa sun gaji da shi, sai wani yaro sabon jini da 'yan jarida suka bi suka ishe mu da shi. Ni ina bayan tsohon, kuma da zuciya ɗaya.

Ina da dalili. A lokacin ina aiki a wata ƙaramar cibiyar ba da shawara a Ardwick, inda mutane ke zuwa da matsalar haya da ta tallafi. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, kuɗin da ake ba mu kullum raguwa yake. Wata safiya manaja ya tara mu ya ce kujerun masu ba da shawara guda biyu za su koma ɗaya kafin ƙarshen Maris, kuma kowa ya sake neman aikin da yake yi. Kujera ɗaya tawa ce. Ɗayar ta wata Baturiya ce da ta kusa sittin, wadda nake kira Uwar Ofis. Ta fara aikin nan tun ina firamare, ita ta koya mini shi, kuma ita kaɗai a duk faɗin Ingila take tambayata labarin besbol. Ba son wasan take ba, kirki ne kawai.

Ba mu taɓa yin zancen kujerar ba. Kullum da safe za ta ajiye mini shayi ta ce, "Yaya tsohonka yau?" Ni kuma in ce jiya ya buga mai kyau, ko in ce an ce gwiwar ta motsa. Sai ta girgiza kai ta ce gwiwa ba ta da mutunci, ita ma ta sani.

Sannu a hankali na ɗaure ƙafata da ta tsohon nan. Na sa a raina in aka bar shi za a bar ni, tunda ni ma baƙo ne da za a iya sallama ba wanda ya ji. Na san camfi ne, na yi istigfari, amma ban daina ba. Yaron kuwa na tsane shi. Bai san da ni a duniya ba, amma a bas ɗin Oxford Road na sha yi masa fatan tuntuɓe.

Tsakiyar Maris na hau mota zuwa Birmingham wurin yayana, akanta ne, yana zaune da iyalinsa a Perry Barr. Na ce zumunci ya kawo ni, alhali ɗakin da zan koma in aiki ya ƙare na je dubawa. Ɗan tsukuku ne, injin motsa jiki, wato treadmill, ya cinye rabi, akwatunan matar Yaya sun cinye sauran. Muna cin tuwo da rana Yaya ya dube ni.

"Auta, wai me ke cikin wayar nan? Tun da ka zo kake latse-latse."

Na kwashe komai na gaya masa, tsohon da yaron da gwiwar da kujerar, har da zancen ɗakin. Ya saurara yana tauna.

"Tsaya. Shi tsohon, salary ɗinsa ya fi na yaron?"

"Nesa ba kusa ba, Yaya."

"To ai an gama. In ni ne management, yaron zan ɗauka, ko kwana ba zan yi ina tunani ba. A office ɗinku fa, tsakaninka da matar nan wa ya fi tsada?"

Na ajiye lomar da ke hannuna.

"Ci tuwonka," in ji shi. "Ba inda za mu kai treadmill ɗin nan. Kai ne yaron."

Don ya kwantar mini da hankali ya faɗa, har ya ƙara mini nama. Abin haushin shi ne hankalin nawa ya kwanta. A motar dawowa na ji sanyi a raina, na kuma ji kunyar wannan sanyin, su biyun suka raka ni har Manchester.

Ana gobe-jibi za a buɗe kaka, kulob ya fitar da sanarwa. An sallami tsohon, an gode masa a taƙaice. Ƙarƙashin sanarwar ga hoton yaron yana washe baki, an ce ya kira mahaifiyarsa yana kuka. Na ƙura wa hoton ido ina neman abin da zan tsana, ban samu ba. Yaro ne da ya sami aiki.

A makon ne manaja ya kira ni. Ya yi dogon bayani a kan sabon jini da sabon salo, ya miƙo mini hannu ya ce kujerar tawa ce. Bayan na fito aka kira Uwar Ofis. Ba ta jima ba ta fito, ta wuce kicin ta ɗora ruwan zafi, ta tambayi kowa ko yana son shayi. Ni ma ta tambaye ni, na ce ina so, don ban san yadda ake cewa a'a a irin wannan rana ba.

Ranarta ta ƙarshe na taya ta sauko da kwali daga saman kabad. Na kwana biyu ina kauce wa zancen besbol, ita ma ba ta tayar ba, sai a ranar. Tana naɗe kofinta a jarida, ba ta ko ɗago ba.

"Ba ka gaya mini ba. Tsohonka ya tsira?"

"A'a. Yaron suka ɗauka."

"Ayya." Ta saka kofin a kwali. "Shi yaron, ya iya kuwa?"

Na ce ban sani ba tukuna, ba a saka shi a wasan gaske ba.

Sai a nan ta ɗago ta dube ni sosai, babu fushi, babu murmushi.

"Gara ya iya," in ji ta. "Mutane na jira a waje."