Mama Laraba, Wadda Ta Riƙe Mini Addu'a

Ina cikin aji ina koya wa yara karatu sai na hangi Danladi a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Danladi shi ne babban ɗan Mama Laraba, kuma tun da na san shi bai taɓa tako makarantarmu ba. Na fito muka gaisa, ya tambayi lafiyar maigida, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, Mama ta huta da safen nan." Na koma na ɗauki jakata na bi shi.

Na san Mama Laraba ne a shekarun da gwamnati ke kwashe kayanta daga Ikko tana dawowa Abuja. Maigidana na cikin ma'aikatan da aka turo, aka ba mu ɗaki a Nyanya. Ni 'yar Zariya ce, Kirista tun daga kakanni, kuma ban san kowa a nan ba. Ita kuwa Gbagyi ce, nan aka binne cibiyarta. An tashi ƙauyensu da ke wajajen Utako don a gina birni, ta bar kabarin mijinta da na 'ya'yanta uku, ta dawo wurin Danladi kusa da Mararaba. A wata majami'a mai rufin kwano, wadda ba ta ko da ƙyaure, muka haɗu a zumuntar mata.

Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta zuwa gidan mutum hannu rabbana. Doya take kawowa cikin ƙwarya a kan kafaɗarta, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Na taɓa tsokanarta na ce, "Mama, shi kan nan na ado ne?" Ta ce, "Kai yana da nasa kaya a ciki, kar a kara masa." Haka Hausarta take. Mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, kuma harshenta bai taɓa yarda da ƙa ba. In ta tashi yin addu'a a zumunta, maimakon "Allah mai jinƙai" sai ta ce "Allah mai jin kai." Ni kuwa da malantata ba na iya haƙuri. Na ja ta gefe na ce mata jin kai a Hausa girman kai ne, kada ta ɗora wa Ubangiji halin da ba nasa ba. Ta yi dariya har da dafa ni, ta ce, "Malama, Hausa naka ne, Allah na mu duka ne." Mako na gaba ta sake faɗa yadda ta saba.

Sai 'yarmu Rifkatu ta rasu. Ita kaɗai Allah ya ba mu bayan dogon jira, ta fara tafiya kenan tana kiran sunayen kaji. Zazzaɓi ne ya kama ta, kafin mu sami motar da za ta kai mu asibiti ya ci ƙarfinta. Muka binne ta a ƙasar da ba mu da dangi ko ɗaya. Tun daga ranar bakina ya kulle. Ban daina zuwa sujada ba, ban kuma ce babu Allah ba, amma in aka ce mu yi addu'a sai in rufe ido in rasa ko kalma guda. Abin ya tsorata ni ƙwarai, don na ɗauka na rabu da Ubangiji kenan, kuma wadda ta rabu da shi ba ta da begen sake ganin 'yarta.

Masu gaisuwa sun zo da bayani iri-iri. Wasu suka ce gwaji ne, wasu suka ce Allah zai ba da wata. Mama ba ta kawo bayani ba. Takan zo ta hura wuta, ta dafa doya, ta tsaya a kaina sai na ci. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Ni zan yi addu'a, kai ka zauna. Amin ma in ya yi nauyi ka bar shi, zan fada maka." Haka ta yi ta yi, damina da rani, tana biyan kuɗin mota daga abin da ta sayar a kasuwa.

Wata rana ta ce in raka ta. Muka sauka a Utako, ta tsaya a bakin wani sabon titi, manyan motoci na wucewa da yashi. Ta nuna da haɓa ta ce, "Baban Danladi yana kasan nan. Yara uku suna can wurin da mota yake juyawa." Babu dutse, babu gicciye, ko bishiya ba a bari ba. Raina ya ɓaci, na tambaye ta kai tsaye, "Mama, to ina jinƙan da kike kira kullum?"

Ta kalli titin ta ce, "Ranar da katafila ya zo, na yi kuka da yaren mu. Oga bai ji ba, direba bai ji ba. Amma akwai wanda ya ji. Shi ne mai jin kai." Ta sa yatsa a ƙirjina. "Kai, Malama. Yana jin kai, ko ba ka bude baki ba."

A nan na gane cewa duk shekarun nan abin da take nufi kenan, Allah mai sauraron mutum. Ban gyara mata ba. Na tambaye ta dalilin da ya sa ya ji kuma ya bari. Ta ce dalili ba ta sani ba, in ta je wurin Yesu za ta tambaya, tunda shi ma ya yi kuka a kan gicciye. Sannan ta ƙara da cewa, "Abu daya na sani. Da ban binne uku ba, da ban san hanyar gidan ka ba."

Ba zan ce bakina ya buɗe a ranar ba, don bai buɗe ba. Tsoron ne ya ragu, na ci gaba da zama tana yi mini. A makon da ya wuce na je duba ta, ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ta rame har ta ba ni tausayi. Da na tashi tafiya ta kama hannuna kamar kullum, na rufe ido ina jira. Can sai na ji ta ce da ƙyar, "Malama, yau numfashi ba ya kai. Kai za ka yi."

Na duba ɗakin, babu kowa sai ni da ita. Na ce, "Uba." Na tsaya. Sai sunan Rifkatu ya fito, wanda ban taɓa ambata a gaban Allah ba tun da aka rufe ta da ƙasa, daga nan kuma ban san abin da na faɗa ba. Addu'a ce marar kai marar gindi, rabinta kuka. Da na gama, Mama ta ce amin.

Jiya aka binne ta a Mararaba, nesa da mijinta da 'ya'yanta. Ina kewarta ƙwarai. Har yanzu in na ji motsi a ƙofa da hantsi sai in ɗaga kai, in ga babu kowa. Akwai maganganu da yawa da na tara zan gaya mata in ta warke.

Ya Ubangiji, ka yi wa baiwarka Laraba rahama, ka gafarta mata kurakuranta saboda Yesu Almasihu, ka ba ta hutu a wurinka. Ka san inda mijinta da 'ya'yanta suke kwance ko da mutane sun manta, ka haɗa su a ranar tashin matattu, tare da Rifkatu. Ka ta'azantar da Danladi da ƙannensa da jikokinta, ka ba su abinci da lafiya da wurin zaman da ba za a sake tashin su ba. Ka riƙe matan zumunta da suka rasa uwa. Ni ce nake roƙonka yau da bakina, don babu mai yi mini kuma. Amin.