Goron Kawu a Shamian

Ranar da za a ɗaura auren autar kawuna a Kano, shi yana Guangzhou ta ƙasar Sin. Ya zo sarin kaya lokacin baje koli, kujerar jirgin komawa gida ta gagara. Tun asuba ya haɗa kai da gwiwa, ko shayi ya ƙi sha. Ni da nake karatu a garin na ce wallahi ba zan zuba masa ido ba. Da la'asar na ja shi Shamian, ɗan tsibirin nan na bakin kogi inda Turawa suka yi zaman fatauci a da.

Na yi ta zuba kamar kanya: ga benayen Turawa, ga tsohuwar coci, ga itatuwa masu gemu har ƙasa. Kawu ya taɓe baki.

"Kai, raba ni! Wannan ai unguwar Nasarawa ce aka zagaye da ruwa."

Can sai ya ja ya tsaya. Wata amarya ce cikin farar riga, daga ita sai ango sai mai hoto.

"Ina danginta?"

Na ce, "Kawu, hoto ne kawai. A nan tun kafin biki ake ɗauka."

"Hoto ko ba hoto ba, a fito da 'yar mutane ba mai guɗa, ba mai addu'a? Haba!"

Kafin in tare shi har ya gyara babbar riga ya isa gabansu. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ya zaro goro daga aljihu, ya ba ango, ya ba amarya, har mai hoto sai da ya samu. Ango ya gatsa, fuska ta yamutse, amma ya daure ya haɗiye. Amarya ta yi ta dariya. Da na gaya mata abin da ya hana Kawu shan shayi, sai ta ce nata mahaifin ma yana can ƙauye mai nisa. Ta roƙi Kawu ya tsaya a gefenta a ɗauke su.

Ya tsaya ƙerere, hula a karkace. Sannan ya ɗaga hannu ya jero addu'a: zaman lafiya, haƙuri da juna, zuri'a ɗayyiba. Ni kaɗai nake amin, sai ga ango ya kama, yana faɗa tare da ni.

Da muka koma bakin kogi ya ce, "Ƙarfe nawa yanzu a gida?"

"Sha ɗaya ta wuce, Kawu."

Ya shafa fatiha, ya share ido da hannun riga.

"To, an ɗaura. Ai na halarta. Zo ka nemo mini shayi."