Kunnen Salatif ɗin Baba

Jama'a, yau na ci karo da hannun Baba a cikin injin mota! Shekararsa huɗu da rasuwa fa!

Da hantsi wata Hajiya mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa ta kawo motarta garejinmu na Abakpa. Ta ce, "Malam Sani, wutar cek, mai nuna matsalar inji, ta ƙi mutuwa, motar kuma ba ƙarfi."

Na jona kwamfuta. Ta nuna wutar lantarki ba ta kaiwa ga na'urar da ke sarrafa bawul ɗin fitar hayaƙi. Na duba fis, lafiya lau. Soket ma garau. Sai na bi wayar a hankali. Can ƙasa na tarar da tsohon haɗi naɗe da baƙin salatif, an lanƙwasa bakinsa kamar kunne.

Baba, da ya koya min wayarin mota, shi kaɗai na sani da wannan. Kullum yakan ce min, "Ka bar wa mai zuwa bayanka wurin kamawa, kada ya sha wuya."

Na ce, "Hajiya, wa ya taɓa yi miki wayarin?"

Ta ce, "Wani dattijo ne a Unguwar Sarki, yana aiki yana salati."

Wallahi shi ne! Na kama kunnen na ja, salatif ya warware salin-alin. Haɗin Baba yana nan daram! Ashe ɓera ne ya gwigwiyi wayar gaba kaɗan.

Na haɗa, na tayar da mota, wutar cek ta mutu. Hajiya ta dube ni ta ce, "Lafiya idonka ya yi ja?"

Na ce, "Dattijon nan mahaifina ne, Hajiya. Ashe ni ya bar wa wurin kamawar."