Damin Zakka a Ƙofar Gidanmu

Shekarar da gwiwoyina suka gaza, wata ma'aikaciyar asibiti a Bagwai ta ce in rage ƙiba ko in koma dogara sanda. Na rage tuwo, na bar fura, na daina ko lasar man shanu. Yunwa kuwa ta tare a cikina. Sai in tuƙa wa mutan gida tuwo cikina yana ƙugi, in sha ruwa, in tauna zogale kamar akuya.

Kafin damina ta wuce, zanina ya zagaye ni har da rara. Na ɗauka barka za a yi min. Ina! Matan unguwa suka yanke cewa rumbunmu ne ya ƙare. Kwanuka suka dinga shigowa, dambu da ɗanwake suna nason mai. In buɗe, in haɗiyi yawu, in miƙa wa yara.

Abin da ya fi ƙona min rai, da kaka ana fitar da zakka, muka tarar an jingine mana damin gero a ƙofar gida. Mu da muke ba wasu!

Maigidana ya shigo yana huci, ya ce, "Don girman Allah ki ci abinci. Kin sa ana min kallon wanda ya kasa riƙe iyali."

Shekara da shekaru ina jan ƙafa zuwa rijiya, ba wanda ya ce min sannu. Sai da na fara samun lafiya gari ya tashi cetona.