Yumɓun da Goggo Ba Ta Taka Ba

Goggona maginiyar tukwane ce, kuma bakinta ya fi hannunta sauri. Shekara arba'in tana aiki a rumfar bayan gidanta, tsakanin ramin jiƙa yumɓu da tulin tsingaro. Tun tana da goyo mijinta ya rasu, ta raini ɗanta tilo a gindin tukwanen nan. Mai saye in ya ƙwanƙwasa randa ya yatsina fuska, sai ta ce, "Ƙwanƙwasa kanka mu ji wanda ya fi lafiya."

Dokar aikinta ɗaya ce. Yumɓu sai ya kwana uku a ruwa, a daka tsingaro a zuba masa, sannan ta tuɓe takalmi ta hau shi da dunduniya har ya daina gardama. Shi ya sa faratanta da kaushin ƙafarta ba sa rabuwa da ja, ko da wane sabulu ta wanke.

Ɗan nata, abokin wasana, ya tafi makarantar koyon aikin fasto ya dawo da kwat da tabarau, har muka laƙaba masa Shehin Malami. Wata ikkilisiya da ba a san mu ba ta kira shi wa'azin gwaji, ya zo rumfa yana tsallake taɓo kamar mai tsallake wuta.

"Inna, a kan yumɓu zan yi wa'azi," ya ce. "Da Girkanci sunansa pelos, wato jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da kalmar aka faɗi abin da magini ke gina tukunya da shi, da ita kuma aka faɗi cakuɗin da Yesu ya shafa wa makaho a ido. Zan gina ɗan kwano a gaban jama'a su gani."

"Ikon Allah! Ashe Girkanci nake takawa ban sani ba," in ji Goggo.

Bai yi dariya ba. Ya ce a ba shi curi mai tsabta, wanda ƙafa ba ta taɓa ba, tunda teburin Ubangiji za a ɗora shi. Sai ya rage murya ya ƙara da cewa in ta zo ta zauna daga baya, ta sa hannuwanta cikin mayafi, akwai manyan mutane.

Wallahi ni na ji zafin maganar har cikin ƙashina. Goggo kuwa ta ce, "To, Malam." Ta cika masa leda da ɗanyen yumɓu, sabon haƙa, ta yayyafa masa ruwa. Ta dube ni ta kashe ido ɗaya.

Ran Lahadi muka zauna a bencin ƙarshe. Gaskiya ya iya magana. Ya ce pelos ya kai sau ashirin, dattawa suna gyaɗa kai. Ya ce yumɓu abu ne mai ladabi, duk inda magini ya juya shi sai ya bi. Sai ya zuba hannu cikin ledar.

Kai! Abin ya kama yatsunsa kamar ƙaro. Ya ja wannan hannu, wancan ya liƙe. Ya matsa gefe, gefen ya tsage. Ya tura tabarau da bayan hannu, hanci ya samu rabonsa. Matan mawaƙa suka dinga cusa fuska cikin mayafi, ni kuwa cikina har ciwo yake don dariya. Da na ga gumi yana bin wuyan rigarsa, dariyar ta tsaya mini.

Goggo ta yi tsaki ta miƙe. Ta ratsa tsakiyar coci, hannuwa a waje, ta ciro wani curi daga jakarta.

"Ku yi haƙuri, iyayena," ta ce wa dattawan. "Wancan bai sha dunduniya ba. Yumɓu ba shi da ladabin ko sisi sai an jiƙa shi, an haɗa shi da fasassun da suka riga shi shiga wuta, an taka. Wannan ni na taka shi da ƙafar nan."

Tana magana tana murza shi, babban yatsa a ciki, tafi a waje. Kafin a yi haka bakin kwano ya fito sumul. Babban dattijo ya leƙo ta saman tabaransa ya dubi ɗan'uwana.

"Malam, wace ce wannan baiwar Allah?"

Goggo ba ta ɗago ba, ta ci gaba da shafa bakin kwanon da ya riga ya gamu. Na san ko ya ce maƙwabciya ce, ba za ta tona shi ba.

Ɗan'uwana ya daɗe yana kallon jajayen faratan nan.

"Uwata ce," ya ce. "Ita ta haife ni. Ni na ce ta zauna a baya."

Kwanon ya karkace a hannun Goggo, ta kuwa bar shi a haka.