An Matse Inna

"Sai an matse shi kafin ya shiga wayar nan," in ji mai shagon tura bidiyo a bakin tashar Tsafe.

Faifan bikin sunan ƙanina ne, mai hoto tar. Kakarmu Inna ke so a juye mata shi a waya kafin motar 'Yankuzo ta cika. Kunya ta hana ni tambayar me zai matse, na ce, "To, Malam, a yi sauri."

Ya yi saurin kuwa. Muna kunnawa a mota sai ga kowa siriri dogo kamar karan dawa, har ragon suna. Na yunƙura zan sauka.

"Inna, ya ɓata. Bari in mayar a gyara."

Ta cafke hijabina. Inna dai mai jiki ce, wurin mutum biyu take zama a mota.

"Ke, tsaya! Wannan siririyar ni ce? Rabona da ganin wuyana tun kafin a haifi ubanki. Wanda ya gyara ban yafe ba!"

Yanzu kowa a 'Yankuzo ya ga wuyan Inna. Da ku ne, za ku mayar?