Ranar da Na Yi wa Baba Jawabi

Tun ina yaro nake da nauyin baki. A gidanmu, can wajen 'Yankuzo a ƙasar Tsafe, ba a kallon babba cikin ido. In za ka yi magana da Baba, sai ka tuɓe takalmi, ka durƙusa gefen buzunsa kana tonon ƙasa da tsinke, ka fara da gaisuwa da labarin damina, sannan a hankali ka gangaro kan abin da ya kawo ka.

Da aka tura ni Bungudu a matsayin malamin gona, sai wannan tarbiyya ta zame mini ciwo. A tara mini manoma a gindin bishiya, in tsaya ina yi wa takalmina bayanin taki. Wani dattijo ya taɓa tambayata ko da tururuwa nake shawara. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Daga baya wurin aiki suka tura mu Gusau kwas na mako biyu kan iya magana a gaban jama'a. Malamar da ta koyar da mu ba ta da wasa. Cewa take, ka miƙe tsaye, ka kalli mutane cikin ido, ka faɗi buƙatarka tun a farko, ka kawo hujja uku, ka rufe. Na riƙa gwadawa a gaban madubi, ina ɗaukar muryata a waya ina saurare. Abin kuwa ya yi. A Kwatarkwashi har tafi manoma suka yi mini, kaina ya kumbura.

Da kakar waccan shekarar Baba ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi na yi masa wuya, ya kuma ƙi asibiti sai jiƙe-jiƙe. Yayyena sun yi sun gaji. Inna ta sa aka kira ni, wai ni ne autansa, kuma an ce yanzu na iya magana. Tun daga Gusau har Tsafe ina cikin mota ina jera hujjojina.

Na tarar da shi a zaure da hantsi, abokansa uku sun zo dubiya. Kamata ya yi in jira su tashi. Ban jira ba. Na gaishe su a gurguje, na miƙe, na dube shi ido cikin ido.

"Baba, gobe za mu tafi asibiti Gusau, kuma ga dalilaina guda uku."

Na lissafa su da yatsu, murya tar, ko gargada babu. Abokansa suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya saurare ni har ƙarshe.

"Ka ƙare?"

"Na ƙare, Baba."

"To, Allah shi yi albarka. Ka iya magana. Shiga ka gaida uwarka."

Wallahi na ɗauka na ci nasara. Da safe na kawo mota ƙofar gida, ya aiko cewa babu inda za shi. Bai sake yarda an tayar da zancen ba har ya rasu, kafin a gama shigar da dawa rumbu.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta, ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado. Farar rigarsa ce a ninke, da hula da carbi da bargo.

"Tun ran da nac ce mai kana tahowa yas sa ni haɗa kayan ga," in ji ta. "Cewa yay yi in autanai ya roƙe shi, zai tahi. Jira yaka yi ka zamna. Kai ko kat tsaya mai bisa kai, gaban abokainai. Ina za shi kai kunyar a ce ɗanai ya ba shi oda?"

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Na rungume jakar na yi kuka.

Har yau ana gayyatata in yi jawabi, ana kuma tafa mini. Ban sani ba ko asibiti zai yi masa amfani, kwana na Allah ne. Abin da na sani shi ne, doguwar maganar ƙarshe da na yi da mahaifina a tsaye na yi ta, da takalmi a ƙafata.